Ƙwallo Ɗaya ga Yara Sittin da Takwas

Wata safiyar Talata cikin watan Disamba, hunturu na busawa har ƙura ta lulluɓe kan itatuwan dogon yaro, na tsaya a gefen filin wata kwaleji da ke kusa da unguwarmu a nan Maraɗi, ina kallon darasin motsa jiki na ajin da ƴata take ciki. Abin da ya kai ni shi ne maganar da ta yi mini kwana biyu kafin nan, sa'ad da ta nuna mini hannayenta sun tasa tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa, ta ce, "Baba, ni dai ba na son ƙwallon raga, babu kome cikinsa sai ciwo." Maganar ta tsaya mini a rai, domin wasa ne da na buga tun ina saurayi, kuma har yau nakan tara yaran unguwa bayan la'asar mu buga shi a wani fegi da ba a gina ba.

Malamin matashi ne mai ƙwazo, ban ga alamar kasala a tare da shi ba. Ya jera yaran layi biyu, na ƙirga su sittin da takwas, ya nuna musu yadda ake haɗa hannuwa a yi abin da masu wasan ke kira manshet, wato tarbar ƙwallo daga ƙasa da hannu biyu a miƙe. Daga nan ya ɗauki ƙwallon, wanda shi kaɗai makarantar ta mallaka, ya shiga jefa wa na gaban layi. Yaro ya buga, ƙwallo ya yi gefe, iska ta ƙara masa gudu har gindin katanga, wani ya ruga ya ɗauko, na gaba ya matso. Na sa ido a kan ƴata tun daga fari har aka busa usur na tashi, sau uku hannunta ya taɓa ƙwallo. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Idan kowace jifa, haɗe da ɗauko ƙwallo, tana cin daƙiƙa 15, jifa huɗu ke nan a minti ɗaya, kuma a cikin minti 45 da suka rage bayan kiran suna da ɗumama jiki za a sami jifa 180, waɗanda idan aka raba su ga yara 68 kowa bai cika uku ba. Sauran lokacin duka a tsaye suka yi shi, na bayan layi suna hira, wasu sun rakuɓe suna jin sanyi.

Ra'ayina shi ne wannan hanya ta layi, wadda da ita aka koya mana kuma da ita ake koya wa ƴaƴanmu, ba ta iya koya wa yaro tarbar ƙwallo da miƙa shi, ko da malamin ya fi kowa sanin wasan. Yawan ɗalibai da ƙarancin kayan aiki, waɗanda kullum ake kawowa hujjar riƙe ta, su ne ma babban dalilin da ya sa ya kamata a sauya ta.

Ya kamata a fara fahimtar matsayin da miƙa ƙwallo yake da shi a wannan wasa. Filin ƙwallon raga mita 18 ne a tsawo, mita 9 a faɗi, mutum shida a kowane gefe, kuma doka ta ba kowace ƙungiya taɓawa uku kafin ƙwallo ya ƙetare raga. Ba a yarda a cafe shi ba, ba a yarda a riƙe a jefa ba. A ƙwallon ƙafa yaro zai iya take ƙwallo ya ɗaga kai ya duba, a ƙwallon kwando zai iya riƙe shi ya yi tunani, amma a nan taɓawar ƙiftawar ido ce, kuma cikin wannan ƙiftawar dole ya tare ƙarfin ƙwallon ya kuma aika shi inda abokinsa zai same shi. Taɓawa ta farko ita ce uwar sauran. Idan manshet ya yi kyau, mai ɗagawa zai sami damar yin pas da yatsu, mai duka kuma ya yi tsalle ya kai hari. Idan ya lalace, duk abin da ya biyo baya ceto ne kawai. Saboda muhimmancin wannan taɓawa ta farko ne hukumar wasan ta duniya, FIVB, wadda aka kafa a Paris a 1947, ta shigo da ɗan wasa na musamman a 1998, wanda ake kira libero, mai riga ta daban, wanda aikinsa tarba da tsaron baya. Yara kan ɗoki dukan sama domin shi ke burge ƴan kallo, amma ajin da bai iya tarba ba ba zai taɓa kaiwa ga dukan ba, wasansu zai tsaya a serbis, wato bugun fara wasa, ƙwallo ya faɗi, a sake serbis.

Illar layi ba ta tsaya ga ƙarancin taɓawa ba. Ƙwallon da malam yake jefowa daga taku uku, a hankali, daidai kan hannun yaro, ba shi ne ƙwallon da yaron zai gamu da shi a wasa ba. Na wasa daga bayan raga yake fitowa, wani lokaci gajere, wani lokaci ya nufi hagu, wani lokaci ya faɗo tsakanin mutum biyu kowa yana jiran ɗan'uwansa. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san cewa manshet da ƙafa ake fara yin sa. Ido ya karanta inda ƙwallo zai sauka, ƙafa ta kai mutum can kafin ƙwallon ya iso, baki ya ce "nawa ne", sannan hannu ya yi ɗan aikin da ya rage. Yaron da ke tsaye a layi an riga an ɗauke masa karantawa, an ɗauke masa tafiya, an ɗauke masa yanke shawara, an bar masa haɗa hannu kaɗai. Shi ya sa za ka ga ɗalibin da ya yi kyau a gaban malam, ranar da aka sa shi cikin fili sai ya daskare wuri ɗaya, hannuwa a haɗe tun kafin a buga serbis, ƙwallo ya sauka taku biyu daga inda yake.

Wannan matsala ba a Nijar aka fara lura da ita ba. A 1982 wasu malamai biyu na Jami'ar Lafbara da ke Ingila, David Bunker da Rod Thorpe, suka fito da tsarin koyar da wasanni ta hanyar fahimta, bayan sun lura cewa yara na gama makaranta sun sha atisayen motsi iri-iri amma ba su san yadda ake buga wasan kansa ba. Shawararsu ita ce a fara da ƙaramin wasa da aka sauƙaƙa dokokinsa daidai ƙarfin yara, a bar su su ci karo da matsalar da kansu, sannan a koya musu motsin da zai warware ta a lokacin da suka ji suna bukatarsa. Mu a Maraɗi bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin haka muke renon ƴan kokowa tun kaka da kakanni. Garin da ya fitar da Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tahoua a 1975, bai taɓa jera yara layi yana nuna musu kamu ɗaya bayan ɗaya ba. Cikin rairayi suke kama juna da dare a dandali, a kayar da yaro sau goma, sannan wani babba ya ja shi gefe ya ce masa ya rage tsawo, ya kula da ƙafarsa ta gaba. Gyaran yakan zauna daram domin ya zo bayan faɗuwa, yaron ya riga ya san abin da ake nufi.

A fegin da muke wasa da yamma na gwada wannan shekara da shekaru, kuma abin da zan faɗa da idona na gan shi. Ba mu da raga. Igiya muke ɗaurawa tsakanin itace da turke, a tsayin da yaro zai taɓa idan ya miƙa hannu, mu ja iyakar fili da toka. Ga sabon shiga, biyu da biyu ake bugawa a fili mai faɗin mita huɗu ko biyar, kuma a makon farko na yarda kowa ya cafe ƙwallo ya jefa, da sharaɗin sai ya bi ta hannun abokinsa kafin ya ƙetare igiya. Mai kallo zai ce wannan ba ƙwallon raga ba ne, amma a cikinsa yara suke gane abubuwan da layi ba ya koyarwa: cewa ƙwallon da aka ɗaga sama yana ba aboki lokaci, cewa bayan ka miƙa sai ka matsa kusa da igiya, cewa wurin da babu kowa shi ake nufa. A mako na biyu sai in hana cafe taɓawar farko, dole a tare ta da manshet, amma ta biyu a cafe a ɗaga. Wannan cafewa ta tsakiya ita ce ke riƙe wasan kada ya mutu, domin ko tarbar ta karkace akwai mai gyara ta, ƙwallo ya ci gaba da yawo, kowane yaro ya taɓa shi sau da yawa har ya daina ƙirgawa. Sai hannu ya faɗa sannan nake cire cafewar gaba ɗaya, in ƙara mutum na uku, in faɗaɗa fili.

Akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ɗan maƙwabcina, wanda kullum ƙwallonsa baya yake tafiya, ta saman kansa. Da a layi ne da an ce masa ya miƙe gwiwar hannu, ya koma baya ya jira minti goma sha biyar, ya manta. A nan kuwa abokin wasansa ne ya gaji da bin ƙwallo, ya ce masa, "Kai, gabana za ka turo, ba bayanka ba." Na tsayar da su, na tambaye shi ina hannunsa yake kallo lokacin da ƙwallo ya same shi. Ya yi shiru, ya sake haɗa hannun, ya duba, ya ga sama yake kallo saboda yana wurga hannuwan har sun wuce kafaɗa. Na ce ya ɗauka faranti ne a hannunsa, ya karkata farantin wajen wanda yake so ya ba, ya bar ƙafafu su yi turin. Kafin magariba ya gwada abin ya fi sau talatin, kuma a cikin wasa, inda kowane kuskure maki ne ga abokan hamayya.

Na san abin da malamai za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna tsoron cewa yaron da aka saka cikin wasa kafin a gyara masa hannu zai saba da mummunan motsi, ya riƙa sarƙe yatsu, ko ya riƙa tarba da dunƙulen hannu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a daina atisaye. Akwai abubuwan da dole a nuna su ƙarara: ƙafafu a buɗe ɗaya ta ɗan shiga gaba, gwiwoyi a lanƙwashe, manyan yatsu biyu a jere, gwiwar hannu a miƙe, ƙwallo ya sauka sama da wuyan hannu kaɗan inda hannun yake da faɗi. A pas na sama kuma hannuwa su kasance bisa goshi, yatsu a buɗe da siffar ƙwallon, a taɓa shi da cikin yatsu ban da tafi. Inda na saɓa da su shi ne tsawon atisayen da kuma wurin da ake ajiye shi. Minti biyar na gyara a tsakiyar wasa, kowane yara biyu ko uku da ƙwallonsu, sannan a koma fili nan take a gwada, ya fi awa guda ta layi amfani nesa ba kusa ba. Mummunan motsin da ake tsoro ma ya fi samun wurin zama a jikin yaron da ke taɓa ƙwallo sau uku a mako, domin babu yawan maimaicin da zai goge shi.

Magana ta biyu da za su kawo ita ce mutum ɗaya ba zai iya lura da fili takwas a lokaci guda ba. A nan ma muna da abin koyi a gida. A makarantar allo malam ba ya biya wa kowane almajiri da kansa, gardi ne ke biya wa na ƙasa da shi, malam yana zagayawa yana sauraro. Masanin ilimin motsa jiki Muska Mosston, wanda ya tsara salon koyarwa daki-daki tun 1966, ya sa irin wannan a cikin salonsa, inda ɗalibi ɗaya ke yi, ɗaya yana lura da shi bisa ma'aunin da malam ya bayar. Igiya mai tsawon mita 40 tana ba da fili takwas masu faɗin mita biyar. A kowane fili a sa yara takwas ko tara, shida suna buga uku da uku, sauran suna ƙirga maki suna duba abu ɗaya tak da malam ya ce a duba ranar, misali ko mai tarba ya isa bayan ƙwallo kafin ya haɗa hannu, bayan minti kaɗan a yi canji. Ajin nan na sittin da takwas ya shige ke nan gaba ɗaya, babu mai zaman jira. Hayaniya za ta ƙaru, wannan babu makawa, kuma shugaban makarantar da ya ɗauki shirun layi a matsayin alamar tarbiyya sai ya yi haƙuri da ita.

Saura batun ƙwallo, wanda shi ne ya fi damuna domin shi ya kumbura hannun ƴata. Ƙwallon gasa nauyinsa giram 260 zuwa 280 ne, an yi shi domin manya, kuma wanda ake samu a makarantunmu sau da yawa ya tsufa, fatarsa ta bushe da rana, an cika masa iska har ya yi tauri, wani lokaci ma ƙwallon ƙafa ne aka ara. Yarinyar da aka jefa wa irin wannan a safiyar hunturu, fata a bushe, abin da jikinta zai koya shi ne kaucewa. Za ta rufe ido, ta janye hannu, ta juya kafaɗa, kuma duk bayanin duniya ba zai cire mata wannan ba. Ƙwallon roba mara nauyi, irin wanda ake sayarwa a babbar kasuwa domin wasan yara, ya fi dacewa da mai koyo, domin ba ya ciwo kuma yana jinkiri a sama, yana ba ƙafa lokacin isa. Aibinsa biyu ne, iska na ɗaukarsa, ƙaya kuma na fasa shi. Maganin na farko shi ne a ja igiya a inda katanga ko ajujuwa suka tare iska, na biyu kuma a sa yara su tsince tsidau da ƙarangiya kafin a fara, kamar yadda muke yi a fegi. Kuɗin ƙwallon gasa ɗaya mai kyau zai sayi irin waɗannan da dama.

Ina ƙara nacewa a kan wannan ne saboda ƴan mata. William Morgan, wanda ya ƙirƙiro wasan a 1895 a garin Holyoke na Amurka, ya yi shi ne domin mutanen da ƙwallon kwando ya yi wa tsanani, ya sa raga a tsakiya yadda babu ture-ture babu haɗa jiki. Wannan siffa ta sa ya zama wasan da iyaye da yawa a garin nan za su iya amincewa ƴaƴansu mata su buga, cikin suturarsu, a filinsu, ba tare da wani ya ga abin zargi ba. Tun da aka shigar da wasan gasar Olamfik a Tokyo a 1964 har da mata aka fara, kuma matan Japan ne suka ci zinare a shekarar, da ƙarfin tarba da tsaron baya. Amma a layin da na kalla, ƴan matan ne ke zamewa zuwa baya, kowace tana tura ƴar'uwarta gaba, domin kuskure a gaban mutum sittin da bakwai abin kunya ne, ga dariyar samari. A ƙaramin fili na mutum shida babu mai kallon kowa, kowa ta kansa yake yi. Yarinyar da ta girma tana carafke tana da ido da saurin hannu, abin da take bukata shi ne wurin da za ta yi kuskure sau ashirin ba a yi mata ihu ba.

Yadda ake ba da maki shi ma yana jan koyarwa zuwa layi. Muddin gwajin ƙarshen zango shi ne malam ya jefo ƙwallo sau biyar a ƙirga nawa yaro ya mayar, malam zai koyar da abin da zai gwada, ɗalibi kuma ya koyi abin da za a tambaye shi. Da za a auna yaro cikin wasan uku da uku, a duba sau nawa tarbarsa ta tashi sama ta isa ga aboki, da ko yana kiran ƙwallo, da ko yana matsawa bayan ya miƙa, da darasin kansa ya sauya ba tare da an tilasta wa kowa ba. Wannan aiki ne na masu sa ido kan koyarwa da kuma cibiyar INJS ta Yamai, inda ake horar da malaman motsa jiki, domin matashin malami yakan koyar ne yadda aka koya masa, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin tsarin da ya tarar.

Bayan an tashi darasin ranar na ƙarasa wurin malamin muka gaisa, na gaya masa abin da na ƙirga. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Baba, ni ma na sani, amma ƙwallo ɗaya aka ba ni, idan ya fashe ni za a tambaya." Wannan amsa ta nuna mini cewa rabon iyaye a cikin lamarin ya fi yadda muke zato. Kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa da ake kira COGES, muna halartar taronsa, muna magana a kan alli da tebura da gyaran rufi, amma ban taɓa jin wani uba ya tashi ya tambayi ƙwallo nawa malamin motsa jiki yake da su ba, ni ma ban taɓa tambaya ba sai bana. A taron da ya biyo baya na nemi a sa ƙwallon roba takwas, da igiya mita 40, da famfon iska ɗaya a cikin kasafin shekara, a kuma rubuta cewa fashewar ƙwallo a wurin darasi ba laifin malami ba ne. Wasu iyayen sun ga kamar almubazzaranci ne a kashe kuɗi a kan wasa alhali ajujuwa na bukatar gyara, an yi ta muhawara, a ƙarshe aka amince da huɗu. Da huɗun malamin ya fara a watan Janairu, fili huɗu a jikin katangar gabas inda iska ba ta kaiwa sosai, rabin aji na wasa rabi na lura, kuma sauran huɗun zan sake tayar da maganarsu idan an koma makaranta a watan Oktoba.